Sinanci ko Fotugisanci: Wanne Za Ka Kashe wa Kuɗi da Lokaci?

Assalamu alaikum. Tun da na taɓo zancen koyon harsunan waje a wannan fili saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu a kan harsuna biyu suke: Sinanci da Fotugisanci, wato harshen mutanen Fotugal da Burazil da Angola. Na tsamo guda shida, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

"Malam, shekara goma sha biyu ke nan ina sarin yadi daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin zuwa Kantin Kwari. Komai ta bakin tafinta nake yi, kuma hankalina bai kwanta da shi ba. Na ga talla a Facebook, wata makarantar intanet ta ce za ta koya mini Sinanci cikin wata uku, amma kuɗin da yawa, kuma a dunƙule suke so. Shekaruna 46. In biya?" (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ka koyi Sinanci, amma kada ka biya wannan kuɗi a dunƙule. Duk wanda ya ce maka wata uku sun isa, ka tambaye shi wane Sinancin yake nufi, na baki ko na takarda. Na bakin, gwargwadon gaisuwa da tayi da lissafi, ana iya kama shi cikin watanni kaɗan in an dage kullum. Na takardar kuwa aikin shekaru ne. Sinanci ba shi da abajada irin ta boko ko ta ajami. Kowace gaɓa da alamarta, kuma a jerin alamomin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013, matakin farko kaɗai, na amfanin yau da kullum, 3,500 ne. Ba a haddace wannan tsakanin ƙaramar salla da babba.

Shekarunka kuwa kada su dame ka, don abin da ya fi wahalar da Bature a Sinanci, kai da shi ka tashi. Faɗi kuka na yaro, sannan ka faɗi kuka ta miya. Faɗi wuya na jiki, ka faɗi wuya ta wahala. Baƙaƙe ɗaya, wasula ɗaya, muryar ce ke hawa da sauka ta raba ma'ana. Malaman Hausa karin sauti suke ce masa. Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, yana da guda huɗu: na sama a miƙe, mai hawa, mai nutsewa ya ɗago, da mai faɗowa da ƙarfi. Gaɓar ma da na farko uwa ce, da na biyu wani tsiro ne dangin rama, da na uku doki, da na huɗu zagi. Mai hawan nan shi ne baƙo a kunnen Bahaushe, shi za ka fi ba lokaci. Ga wanda ya shafe ka kai tsaye: mǎi saye ne, mài sayarwa.

In ni ne kai, kafin gaisuwa ma da lissafi zan fara, don a nan kuɗi ke zurarewa. Mu dubu-dubu muke ƙirga, su dubu goma-goma suke yi, suna kiranta wàn. Dubu ɗari da ashirin a bakinsu "wàn goma sha biyu" ne. Har ƙwararrun tafintoci sukan yi tuntuɓe a nan in ana sauri. Huɗu sì ce, goma shí, kuma mutanen kudancin Sin da yawa ba sa bambanta s da sh, don haka sha huɗu da arba'in sukan zo kunnenka kusan iri ɗaya. Kada ka ji kunyar cewa a danna maka a kalkuleta. Ma'auni ma haka: jīn rabin kilo ne, gōngjīn ne cikakken kilo. A harkarka ta yadi, mǐ mita ne, mǎ yadi, kuma in aka auna maka yadi dubu goma alhali kai mita ka ƙulla, ka yi asarar abin da ya haura mita 850. Ka lura ma, wannan mǎ na yadi da mǎ na doki furucinsu ɗaya ne sak, a rubuce kawai suke rabuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Sinawa ba su yar da alamominsu sun koma boko ba.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo ɗan garinmu a wani shagon labule a can Gwanzu. Mai shagon ta nuna masa takarda a jikin bango, an rubuta 8折. Ya ɗauka ragin kashi takwas cikin ɗari ne, ya girgiza kai ya ce ya yi kaɗan, ya ɗaga yatsu tara. Matar ta amince nan take. A lissafinsu lambar tana nuna abin da za ka biya ne: 8折 ka biya kashi 80 na farashi, 9折 ka biya kashi 90. Da hannunsa ya mayar da ragin kashi 20 ya koma 10. Allah ya sa wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke tare da mu ya ankarar da shi kafin a rubuta rasit. Mutumin nan ya fi shekara goma yana zuwa garin. Wannan ilimin mako ɗaya ne kawai.

Wani abu kuma, 'yan asalin Gwanzu suna da nasu harshen, Kantonis, wanda mai jin Mandarin ba ya fahimta. In ka ji masu shago sun juya baki a tsakaninsu ka daina gane komai, kada ka zargi malaminka. Kai dai Mandarin za ka koya, don shi ake yi a makaranta da banki da masana'anta, kuma da shi za ka yi ciniki a birnin Yiwu da duk inda ka sa ƙafa a ƙasar.

To me za ka saya? Malami mai rai, wanda za ku riƙa haɗuwa ta bidiyo sau uku ko huɗu a mako, kana biyansa wata-wata, ta yadda in bai yi maka ba za ka sallame shi ba tare da kuɗinka sun maƙale ba. Ka sa masa sharaɗin ya fara da pinyin, wato rubuta Sinanci da baƙaƙen boko, tsarin da ƙasar ta amince da shi tun 1958. Sai dai kada ka karanta shi da idon Hausa: q ɗinsu ya fi kusa da c namu, x kusa da sh, c ɗinsu kuma kusa da ts. Kalmar kuɗi, qián, kamar "ciyen" take fita. Ƙamus kuwa, manhajar Pleco ta ishe ka, tushenta kyauta ne kuma tana aiki ba intanet. In za ka sayi littafi, ka tabbata na sauƙaƙan alamomi ne da ake amfani da su a babban yankin ƙasar, kada a haɗa ka da na tsofaffin alamomi irin na Taiwan da Hong Kong. Sannan ka fara tura wa masu ba ka kaya gajeren saƙon murya a WeChat, manhajar saƙo ta Sinawa, ko da duōshao qián, nawa ne, da tài guì le, ya yi tsada.

Tafintanka kuma kada ka kore shi tukuna. Takardar yarjejeniya, da duk abin da za ka ba da kafin alƙalami a kansa, a sa wani mai karatun Sinanci daban, wanda ba ya cin la'ada a cinikin, ya karanta maka. Ribar farko da za ka gani ita ce tafinta zai san kana jin lambobin da ake faɗa.

"Ni ɗan Maraɗi ne, na gama karatun injiniyan gini, da Faransanci na yi boko. Ga layin dogo daga Kano yana tahowa garinmu a hannun Turawan Fotugal, ga kuma Sinawa a harkar man fetur. Wanne ya fi sauƙi, wanne kuma zai fi yi mini rana? Hali na ɗaya kawai nake da shi." (Wani matashi, Maraɗi)

Injiniya, ka lura da kyau. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ne ke shimfiɗa layin da ya taso daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa garinku, an aza harsashinsa a 2021. Matatar SORAZ ta kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, da bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Binin, tafiyar kusan kilomita 2,000, aikin kamfanin CNPC na Sin ne. Duka harsunan biyu sun zo har ƙofar gidanku.

Batun sauƙi, akwai ma'auni ɗaya da na yarda da shi. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ware kimanin makonni 24 ga Fotugisanci, Sinanci kuwa makonni 88, wajen sa'o'i 2,200 a aji. Wannan lissafin mai jin Ingilishi ne, kuma Larabci ma a rukunin Sinanci suka sa shi, alhali almajirin Zangon Maraɗi ba haka zai gan shi ba. Duk da haka tazarar gaskiya ce, kuma a wurinka ta ma fi haka faɗi, don Faransanci da Fotugisanci 'yan uwa ɗaya ne, daga Latin suka fito. Duba kalmomin sana'arka: pont ya zama ponte, fer ya zama ferro, béton ya zama betão, chemin de fer ya zama caminho de ferro. Yau in aka miƙa maka takardar aikin gada da Fotugisanci za ka tsinci abin da ba ka zata ba. In aka miƙa maka ta Sinanci, lambobi kawai za ka gane.

Wahalar harsunan biyu ba wuri ɗaya take ba. Nahawun Sinanci a farko kamar an yi shi don Bahaushe ne. Aikatau ba ya sauya kama: wǒ qù, tā qù, na tafi, ya tafi, qù ɗin yana nan yadda yake, kamar yadda "tafi" ke zaune a na tafi, ta tafi, za mu tafi. Ba namiji ba mace a sunaye, har "shi" da "ita" furucinsu ɗaya, tā. Wahalarsa tana cikin rubutu da kuma kalmomin da ba su yi kama da komai da ka taɓa ji ba, kowace sai ka sassaƙa ta a kai daga tushe. Fotugisanci kuwa ana karanta shi tun makon farko, amma aikatau ɗaya yana da siffofi gommai. Falar, yin magana: falo, fala, falamos, falam, falei, falava, haka dai. Tafiya, ir, ta koma vou yau, fui jiya. Kai ka riga ka sha wannan ɗacin a Faransanci, ka san hanyarsa. Jinsi ma ba baƙonmu ba ne. Kamar a Hausa, yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne, kuma kamar yadda gida da ruwa da suna suka ƙi bin wannan doka, su ma suna da o dia da o problema.

Akwai kuma wata tsohuwar zumunta da za ta yi maka daɗi. Musulmi sun mulki sassan Fotugal tun daga ƙarni na takwas har zuwa 1249, suka bar kalmomi da yawa a harshen. Açúcar sukari ne, azeitona zaitun, sunan lardin Algarve daga al-Garb yake, kuma in suna fatan wani abu sukan ce oxalá, wadda asalinta ambaton yardar Allah ne da Larabci.

Inda zai ba ka wuya shi ne kunne. Mutanen Fotugal suna haɗiye wasulan da ba a danna ba, telefone ta fito kamar "tlfon". Za ka iya karanta jarida tsaf, injiniya daga Porto ya buɗe baki ka rasa inda kalma ta fara. Maganinsa saurare kullum, ko na minti ashirin.

Hukuncina, ka ɗauki Fotugisanci. Da hali na abu ɗaya da kuma Faransanci a hannu, shekara guda ta himma za ta kai ka inda za ka karanta takardun aiki, ka rubuta wasiƙa, ka zauna a taro. Shekara guda a Sinanci, kana zaune a Maraɗi, gaisuwa da ciniki za ta ba ka. Kuma ba layin dogon kaɗai nake hange maka ba. Ƙasashen Afirka shida ne suka riƙe Fotugisanci a hukumance: Angola, Mozambik, Gini Bisau, Cabo Verde, Sao Tome da Principe, da Ikwatoriyal Gini, yana kuma cikin harsunan aiki na Tarayyar Afirka. Abu ɗaya ne zai sa in sauya magana: in ka samu tallafin da zai kai ka Sin ka zauna shekara cur kana koyon harshen, to ka tafi kada ka waiwaya, don injiniya mai jin Hausa da Faransanci da Sinanci ba a samunsa a arha. Ko wanne ka ɗauka, ka sani takardar injiniyarka da aikin hannunka za a fara dubawa, harshen ƙari ne da zai fifita ka a kan sa'anka.

"Ina ajin ƙarshe a fannin kiwon dabbobi, ina son yin digiri na biyu a waje. Ƙawayena duk Sin suke nema. Wani malaminmu ya ce in duba Burazil. Mahaifina kuma damuwarsa abinci da addini. Wace jarrabawar harshe zan biya wa kuɗi?" (Wata ɗaliba, Zariya)

Ƙanwata, malaminki ya san abin da yake faɗa. Tsakiyar Burazil akwai wani makeken daji da ake kira Cerrado, mai damina da rani kamar namu, wanda a da ake ganin ƙasarsa ba ta noma saboda tsami. Hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, da aka kafa a 1973, tana cikin waɗanda suka mayar da shi rumbun waken suya da masara. Yawancin shanunsu masu tozo ne kamar namu, irin su Nelore da Gir da asalinsu daga Indiya, kuma sun haɗa Gir da saniyar Holstein suka fitar da Girolando mai ba da madara a ƙasar zafi. Ga mai karatun kiwo daga Zariya, abin da za ki gani a can ya fi kusa da abin da za ki dawo ki tarar a rugagen Giwa da Soba.

Jarrabawarsu ita ce Celpe-Bras. Babu canki-canka a cikinta. Za a sa ki kalli bidiyo, ki saurari murya, ki karanta rubutu, ki rubuta amsa, sannan a zauna a yi hira da ke baki da baki. Haddar nahawu ba ta fid da mutum. Gwamnatin Burazil tana da shirin PEC-G na masu digirin farko da PEC-PG na masu digiri na biyu da na uku daga ƙasashe masu tasowa, kuma jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta. A Najeriya, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana koyar da harshen. Ki fara gyara bakinki tun yanzu a kan p da f da v, waɗanda Hausa ba ta rarrabe su: faca wuƙa ce, vaca saniya, kuma ke kullum a cikin zancen shanu za ki kasance. Sai wasulan hanci: pão burodi, pau sanda.

Ta ɓangaren Sin, jarrabawar HSK ce. A tsarin matakai shida da aka daɗe ana bi, matakin farko kalmomi 150 ne, na huɗu 1,200, na shida 5,000, kuma ana sauya tsarin zuwa matakai tara, don haka ki tabbatar da wanda ake yi kafin ki sayi littafin shiri. Kwasa-kwasan da ake koyarwa da Sinanci galibi mataki na huɗu ko na biyar suke nema, amma akwai digiri na biyu da yawa da ake yi da Ingilishi, kuma tallafin gwamnatin ƙasar yakan haɗa da shekarar koyon harshe. Cibiyoyin Confucius na Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka suna koyarwa. Ko ina za ki nema, ki bi ta ofishin jakadanci ko shafin jami'ar kai tsaye. Duk ejan da ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbin tallafi, ki riƙe jakarki.

Ki gaya wa Baba damuwarsa tana kan hanya, kuma ga gaskiyar yadda abin yake. Ta fuskar abinci Sin ta fi sauƙi. Ƙasar tana da miliyoyin Musulmi 'yan asali, kusan kowane birni akwai shagon taliyar naman sa ta Lanzhou, kuma jami'o'i da dama suna da ɗakin cin halal. Ki haddace alamar 清真, qīngzhēn, ita ce halal, ki kuma sani in aka rubuta ròu, nama, ba a faɗi na wace dabba ba, yawanci alade ake nufi. Sai dai hukuma tana sa ido ƙwarai a kan harkar addini. A Burazil babu wannan takurar, amma Musulmi kaɗan ne, sun fi yawa a Sao Paulo da Foz do Iguaçu. Ƙasar na kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal, amma a ƙaramin gari sai kin yi da gaske kafin ki samu mahauci Musulmi, kuma shahararren abincinsu na wake, feijoada, da alade ake dafa shi. Porco, presunto, toucinho, banha, linguiça: waɗannan biyar, sunayen alade da kayan da ake yi da shi, ki san su kafin jirgi ya sauka.

Ki kuma gaya masa ba ke ce Bahaushiya ta farko da za ta taka ƙasar ba. An kai Hausawa da yawa yankin Bahia na Burazil a zamanin cinikin bayi, suka shirya tawaye a 1807, kuma a watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salvador, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da ake kira na Malê. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Ni dai don fanninki, Celpe-Bras zan ce ki sa kuɗinki.

"An kawo wata 'yar na'urar fassara mai kama da waya, an ce tana jin harsuna sama da ɗari. Zan je baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu. In saya?" (Wani mai sayar da kayan lantarki, Kaduna)

Malam, wayar da ke aljihunka za ta yi maka aikinta. Yawancin waɗannan na'urori sai da intanet suke aikin kirki, kuma fassara tsakanin Hausa da Sinanci har yanzu tana da rauni, ta Ingilishi ta fi inganci. Ka tuna kuma Google da WhatsApp da Facebook a toshe suke a babban yankin Sin, don haka duk abin da za ka buƙata ka sauke shi tun kana gida. WeChat yana fassara saƙo a cikinsa. Kuɗin na'urar ka sayi fawa banki mai kyau da layin da zai ba ka data a can. Baje kolin sau biyu ake yi a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, kuma kashi-kashi ne bisa nau'in kaya, ka duba kwanakin da na lantarki ya faɗo kafin ka yanki tikiti.

"Zan koma Luanda ta Angola wajen yayana da ke kasuwanci. Wata biyu ina koyon Fotugisanci a manhajar Duolingo, sai ya ce mini wannan ba irin nasu ba ne. Na yi asarar lokaci ke nan?" (Wani matashi, Agadas)

Ba ka yi asara ba, ɗan'uwa, harshe ɗaya ne kuma za a fahimce ka. Amma yayanka ya yi gaskiya. Duolingo na Burazil yake koyarwa, Angola da Mozambik kuwa ƙa'idar Fotugal suke bi a makaranta da ofis. Bambancin yana cikin furuci da kalmomin yau da kullum: bas a Burazil ônibus, a Fotugal autocarro, jirgin ƙasa trem da comboio, wayar hannu celular da telemóvel. Akwai wadda za ka kiyaye sosai, rapariga, wadda a Fotugal da Angola yarinya kawai take nufi, a wasu sassan Burazil kuwa zagi ce. Daga yau duk littafin da za ka saya ka duba bangonsa, in an rubuta português europeu shi ne naka. Ka riƙa sauraren tashar RTP África da sashen Fotugisanci na DW da ake yi don Afirka. Za ka ji daɗin 'yan Angola, don sun fi mutanen Lisbon buɗe wasula.

Tunda kasuwa za ka, ka kula da rubutun kuɗi. Kai da ka saba da tsarin Faransanci ba zai ba ka mamaki ba, amma abokan cinikinku 'yan Najeriya yakan ruɗe su: ɗigo na raba dubbai, waƙafi na raba ƙananan kuɗi, 1.500,00 kwanza dubu ɗaya da ɗari biyar ke nan. Ranakun mako kuma da lamba suke tafiya, Litinin ce segunda-feira, ta biyu, Juma'a sexta-feira, ta shida. In aka ce kaya za su iso quinta, Alhamis ake nufi.

"Makarantar 'ya'yana ta kawo darasin Sinanci da ƙarin kuɗi a kowane zango. Babansu kuma yana so a nemo musu mai koyar da Fotugisanci a gida saboda babban yana son ƙwallo. Shekarunsu tara da bakwai. A haɗa musu duka?" (Wata uwa, Abuja)

Hajiya, Allah ya raya su. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ga yaran da ke ɗauke da boko da Islamiyya. Haɗa harsunan biyu ba abin banza ba ne ga babba: a Makau, wadda Fotugal ta miƙa wa Sin a Disambar 1999, duka biyun na hukuma ne, har allunan tituna da su ake rubutawa, kuma jami'o'in Sin da dama suna koyar da Fotugisanci saboda cinikinsu da Burazil da Angola. Amma wannan zaɓi ne da mutum zai yi wa kansa in ya girma.

In ɗaya za a ɗauka a wannan shekarun, Sinanci zan ce, don shi ne mai cin lokaci, kuma kunnen yaro na kama karin sauti fiye da na babba. Fotugisanci zai jira su, ko suna sakandare suka fara za su cim masa. Sharaɗin dai su riƙe Hausarsu a gida, don ita ce ta horar da kunnen nasu tun farko. Sinawan ma sun san darajarta: gidan rediyonsu yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, ana kuma koyar da ita a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing.

Kafin ki biya, ki nemi izini ki zauna a ajin sau ɗaya. Ki tambayi sau nawa ake yi a mako, don darasi ɗaya na minti arba'in waƙa da ƙirga ɗaya zuwa goma kawai zai ba su. Ki tambayi malamin matakin HSK da ya ci da kuma inda ya yi karatu. Ki ga ko yaran na buɗe baki suna magana ko kwafar allo kawai suke yi. In darasin ya kai sau uku a mako kuma malamin na gyara musu murya ɗaya bayan ɗaya, ki biya zango guda ki gani. In bai kai haka ba, ki bar kuɗin a hannunki zuwa baɗi, ki sake tambayar makarantar ko sun ƙara sa'o'in.